Ƙwayoyin Habboba a Zaman Jabana

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da yayana, zuwa Khartoum neman mini gurbin karatun haɗa magunguna. A jirgi na gama tsara rayuwata irin ta littattafan da nake ɓoyewa ƙarƙashin filo: ina tsaye bayan kanta cikin farar riga, wani dogon saurayi ya shigo neman maganin ciwon kai, muka haɗa ido, ya manta abin da ya kawo shi.

Abin da ya fara ɗaukar idona a gidan masaukinmu a unguwar Alsahafa kuwa farar rigar ce, a shanye a igiya. Sai da na matsa na ga hannunta duk tabon sinadari, aljihun ya sha ɗinki. Ta Amna ce, 'yar masu gidan, Hausawa da kakanninsu suka yi aikin gonar auduga a Jazira. Tana shekarar ƙarshe a jami'a.

Washegari muka bi ta Umdurman, inda take koyon aiki a wani kantin magani. Ƙaramar bas ta cika maƙil, kwandasta na kaɗa yatsu yana karɓar kuɗi ba tare da ya ce uffan ba. A kan gada na ga kogin Nilu yana sheƙi, na fara haɗa kalaman soyayya a zuci, Amna kuwa tana bitar sunayen magunguna a waya. Muka karya da ful, waken da ake dakawa da gindin kwalba a zuba man riɗi. Kowa na kukan tsadar burodi, amma duk wanda muka wuce yana ci sai ya ce mu sa hannu.

A hanya ta warware mini karatun. Shekara biyar, bayan ka ci kemistiri, fizis, bayoloji da lissafi da kyau. Ka san jikin mutum, ka san abin da magani ke yi masa, da wanda ba a haɗa shi da wani. Sannan shekarar imtiyaz, wato ta gwajin aiki, ƙarƙashin wanda ya ƙware, sannan jarrabawar lasisi. Na tambaye ta ko samari na shigowa kantin. Ta ce, “Sosai. Yawancinsu da gudawa.”

Saurayinta ba a kanti ta same shi ba. Maƙwabcinsu ne mai tuƙa raksha, wato adaidaita sahu, kuma maganar aurensu tana hannun kakarsa, wadda kowa ke kira Habboba. Ita ta rene shi, abin da ta ce shi ke zama.

Ranar Juma'a matan layin suka taru shan jabana, gahawa mai citta, ga turaren wuta. A nan na ga al'adarsu: kowace ta kwance bakin mayafi ta fito da ƙwayoyinta, ana musaya kamar goro. Wata ta miƙa wa Habboba ragowar maganin zuciya na mijinta, wai shi ya sauke masa kumburin ƙafa.

Habboba ta juyo wajen Amna. “Ya Daktora, ɗaya zan sha ko biyu?”

“Ko ɗaya, Habboba. Kina shan na suga da na hawan jini. Sai likita ya duba ki.”

“To karatun me kike yi shekara da shekaru?”

“Karatun da ya ce kar ki sha.”

Amna ta sa hannu biyu ta karɓe ƙwayoyin. Mahaifiyar Amna ta ce, “Malesh ya Hajja, yi haƙuri, yarinta ce,” tana harararta. Habboba ta kife kofinta, ta ja mayafi ta fita. Ni dai na ce shi ke nan, don a littattafaina daga nan ake fasa aure.

Da muka keɓe da Amna na ce da ta ce rabi kawai, a zauna lafiya. Idonta ya ciko. Ta ce, “Wallahi ina son shi. Amma in na ce rabi ta faɗi, da wane ido zan dube shi?”

Har muka bar Sudan Habboba ba ta amsa gaisuwar Amna ba. Sai dai ranar tafiyarmu na hango raksha ta fita da tsohuwar, da katin asibiti a hannu, fuska a murtuke.

Ni kuwa jami'a ta ce kemistirina bai kai ba. Na dawo Kano na sake zama jarrabawar, na shiga karatun a gida. Tafiyar ta koya mini cewa wannan sana'a tana buƙatar ƙwaƙwalwa, tana kuma buƙatar bakin da zai iya ce wa babba a'a cikin ladabi.

Shekaru sun shuɗe. Da yaƙi ya kori su Amna daga Khartoum, suka koma Kasala. Amna tana can da lasisinta, tana aiki a kantin maganin wani asibiti, da 'ya'yanta biyu da mai raksha. Habboba na ɗakin kusa da nasu. Har yau “mai taurin kai” take kiranta, kuma ba ta haɗiyar komai sai daga tafin hannunta.