Kunyar 'Yar Fari a Kwatano

Shekarar da na yi haihuwar fari, sau uku muka yi shuka a Gangara, sau uku rana tana ƙone ta. Ta ukun ma ba wanda ya wahalar da ƙafarsa ya je dubawa. Mata suka koma jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, kwana da kwanaki ana sauya mata ruwa kafin ɗacinta ya sauka a iya ci. Fulanin da muke sayen nono wurinsu kuwa sai kora shanu suke zuwa kasuwar Isa, suna bayarwa a wulaƙance don kada su mutu a hannunsu. A cikin wannan hali na je gidanmu wanka, na haifi 'ya mace.

Wanda bai san mu ba sai na yi masa bayani. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ko kuka yake, sai wata babba ta daka mata tsawa sannan ta ɗauka ta ba shi nono, tana ɗaure fuska kamar an sa ta aikin dole. Uban ma haka. In ya isa yaye kuma a kai wa kaka, ya zama nata. Ba mu ɗauki wannan mugunta ba, domin gida cike yake da hannuwa, yaro ba ya rasa mai ɗauka. Ni kaina 'yar fari ce. Kakata ta raine ni, innata kuwa har na yi aure "ke wagga" take ce mini, kuma ban taɓa ganin laifinta ba.

Sai ga wannan innar tawa, wadda ban taɓa ganin haƙoranta a kaina ba, ta haukace a kan jika. Cikinta babu komai sai anza, amma ta ɗora yarinyar a cinya ta yi ta rausaya ta, tana kiranta ƙawarta, tana tsokanar ta wai hancinta irin na dangin uba ne. Ni ina daga gefe ina kallon bango, kamar yadda ya kamata.

Wankan jegon ma rabi da rabi aka yi mini. Itace dai ga shi nan, tunda itatuwa sun bushe a tsaye, ruwan ne babu. Kunun kanwa kuwa sai dai a ce an dama don kada a ce ba a dama ba. Kafin in yi arba'in nonona ya fara janyewa. Maigidana tun kafin in haihu ya bi wasu mutanen Unguwar Lalle zuwa Kwatano, yana dako a tashar jiragen ruwa. Da labari ya kai masa, ya zo da kansa ya ce zai tafi da mu. Ba wanda ya yi musu. Muka hau mota a Isa zuwa Sakkwato, daga nan muka yi ta gangarawa kudu har na daina tambayar sunayen garuruwa.

Abin da ya fara ba ni haushi a Kwatano shi ne ruwa. Na baro mutane suna kallon sama har wuyansu ya ƙage, na zo na tarar ana ta zuba shi a kan kwano ba dare ba rana, yana bin kwata, kowa yana tsaki. Ranar farko na fito da duk wani mazubi da muke da shi na tara, matan gidan suna kallona suna dariya, ga famfo a tsakar gida. Ɗaki ɗaya muka kama, can bayan gari kusa da wani tafki, nesa da zangon Hausawa, kuma duk gidan babu mai jin ko "sannu". Gero sai labari. Na koyi tuƙa garin masara da na rogo, na koyi cin manja, na koyi hura gawayi da ya sha danshi. Wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba. Zufa ta feso wa yarinyar ƙuraje a wuya da baya, na rasa wa zan tambaya. Amma dai ina ƙoshi, nono ya dawo, wannan kuwa shi muka zo nema.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne na taho da kunyata ƙunshe cikin kayana, na baro hannuwan da ke sa kunyar ta yi kyau.

Mu uku ne a ɗakin. Ni ina jin kunyar maigida, shi yana jin kunyata, dukanmu muna jin kunyar jinjirar da ko zama ba ta iya ba. In ta yi kuka yana nan, sai in yi kamar ban ji ba, ina jiran a tsawata mini, alhali mai tsawatarwar tana Gangara. Shi kuma ya yi ta gyaran murya, can ya dubi ƙofa ya ce, "Halan ba a jin yarinyar ga na kuka?" Kamar da ƙofar yake magana. Sannan in ja tsaki in ɗauka. Yau in na tuna ina iya yin dariya, amma dariyar ba ta nisa. Ina yi mata wanka, ina ba ta nono, ina goya ta, ban taɓa barin ta da yunwa ko ƙazanta ba. Sai dai wata huɗu cur ba wanda ya dubi idon yarinyar nan ya yi mata magana. Ta zama shiru-shiru. In na kwantar da ita, sai ta ƙura wa rufin kwano ido har barci ya ɗauke ta. Ni kuma ina cewa Allah ya ba ni 'ya mai haƙuri.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wata mata mai ƙiba, 'yar ƙasar, mai kyafa kifi tana kaiwa kasuwa. Ta girme ni sosai, muryarta kuwa ko a bakin tafki kake sai ka ji ta. Wata ranar hantsi ina wanki, yarinyar tana kwance a tabarma gefena, sai matar nan ta zo ta tsaya a kanmu. Ba sallama ba komai ta sunkuya ta sure ta. Ta cilla ta sama ta cafe, ta hura mata iska a ciki, ta yi ta zuba mata yarensu tana zare ido. Na miƙe da kumfa a hannu. Sai na ji wata 'yar ƙara da ban taɓa ji ba. Yarinyata ce take dariya, har da shaƙuwa.

Na koma na zauna na ci gaba da wanki. Rigar da na riga na wanke na sake wankewa.

Daga ranar kullum sai ta zo ta ɗauke ta. Yarinyar ta koma warin hayaƙin kifi, ta yi kumari, ta fara gwaranci. Da ta ji muryar matar daga nesa sai ta hau zillo a bayana tana miƙa hannu. Ni kuwa in na ɗauke ta, nono kawai take nema, ta sha ta kau da kai. Ba zan ɓoye ba, na tsani matar nan a lokacin, tsana mai tsanani, kuma ba ta yi mini komai ba sai alheri.

Wata ranar Lahadi ta tare maigida a tsakar gida. Shi yana ɗan jin Faransanci tun yana kai albasa Maraɗi, ita ma tana tsinta, suka yi ta fama da hannu da baki tana nuna ni. Da ya shigo na tambaye shi abin da ta ce. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Wai tambaya takai, ɗiyar ga taki ta, ko riƙo anka ba ki?"

"Kai kuma mi kac ce mata?"

"Na ce mu haka mukai."

"Sai tac ce mi?"

"Ta ce to wa ka yi ma yarinyar abin da ba mu yi?"

Ya ɗauki buta ya fita, ko lokacin salla bai yi ba.

Washegari da ya tafi aiki, matar kuma ta tafi kasuwa, na tura ƙofa na sa sakata da rana tsaka kamar mai shirin sata. Na ɗora yarinyar a cinyata, na dube ta ido cikin ido. Wallahi sai da na ji kunya ta rufe ni, ni kaɗai a ɗaki. Na buɗe baki in kira sunanta, sunan ya ƙi fitowa. A karo na uku ya fito, a shaƙe, kamar ba bakina ba. Ta dube ni kallon baƙuwa. Na gwada rausaya ta yadda Inna take yi, na ƙago wata waƙa marar kai da gindi a kan akuya da gero. Ba ta yi dariya ba ranar, ba ta yi ba washegari. Sai a kwana na biyar, da na gaji na kifa fuskata a cikinta ina kuka, ita kuma ta ɗauka wasa ne, ta kama kunnena ta ƙyalƙyale.

Bayan wannan na lalace gaba ɗaya. Da farko sai na sa sakata, daga baya na daina. Har a tsakar gida nake cilla ta sama, mai kifi tana tafa mana. Maigida ya taɓa shigowa ya same mu muna birgima a tabarma. Ya tsaya, ya juya, ya ce ya manta abu a waje. Bai taɓa yi mini maganar ba, amma daga baya na sha ganin ya miƙa mata ɗan yatsa ta ƙasan hannun riga yana kallon wani wuri. A can ta yi rarrafe, a can ta yi tafiya, a can ta fara ce mini Inna. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan shekarar ba, a garin da ko gaisuwarsu ban iya da kyau ba.

Sai damina ta dawo gida. Wani mai zuwa daga Sabon Birni ya kawo saƙo: gero ya yi, rumbuna sun ɗan ɗauka, kuma Inna ta ce ƙawarta ta isa yaye, a kawo mata ita. A ranar na gane amfanin kunyar da na yar. Da na riƙe ta, da na miƙa yarinyar kamar yadda aka miƙa ni, zuciyata ba ta san komai ba. Na ce wa maigida ko za mu ƙara ko da shekara ɗaya. Ya ce, "In kina iya hwaɗa ma Inna da bakinki, ni ba ni hana ki." Ya san ba zan iya ba. Wace 'ya ce za ta dubi uwarta ta ce tana son 'yar farinta?

Tun daga ƙofar gidanmu na ɗaure fuska. Mata suka yanyame mu, Inna ta kwance yarinyar daga bayana tana guɗa, ni kuwa na wuce ɗaki ko waiwaye ban yi ba. Kowa ya yaba, wai zaman bariki bai ɓata ni ba. Yarinyar ce kawai ba ta san dokar ba. Ta ƙwace ta biyo ni, ta kama zanena, ta ɗaga hannu biyu tana tsalle a cilla ta sama, tana kiran Inna, Inna. Innata ta amsa tana dariya, ta ɗauka da ita ake. Na sa hannu na ɓamɓare 'yan yatsunta daga zanena ɗaya bayan ɗaya, na ce, "Ku ɗauke ta, ta ishe ni." Kwana bakwai na yi a gida, kwana biyar tana bina tana duban fuskata, tana neman wadda ta sani. A na shida ta daina.

Na koma Kwatano da nono yana yi mini zogi. Da mai kifi ta ga bayana babu goyo, ta ajiye tirenta a ƙasa ta yi ta tambayata da hannu. Na nuna mata arewa. Ta ɗauki tirenta ta shige ɗakinta, kuma daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shekara shida muka ƙara a can, na haifi wasu uku, na yi musu wasa son raina. Da muka dawo, babbar ta zama 'yar kakarta sosai, mai ladabi, tana durƙusa mini har ƙasa kamar yadda ake yi wa baƙuwa.

Shekarun baya ita ma ta yi haihuwar fari, ta zo wanka wurina. 'Yan yanzu ba ruwansu, a gabana take sumbatar ɗanta tana kiran sunansa. Wata rana da yamma tana yi masa wasa, ƙannenta suna tsokanar ta wai ba ta da kunya, sai ta ce, "Ku bar ni in yi. Ni ban samu ba. Ga Inna nan zaune, ku tambaye ta, ko sau guda ta taɓa ɗaukata ta yi min wasa?" Da dariya ta faɗa, ba da ƙorafi ba, suka juyo gaba ɗaya suna jiran amsata.

Mahaifinta ya rasu. Mai kifi, in ma tana da rai, tana can bakin tafki, ba ta jin Hausa. Saura ni kaɗai na sani, ga kuma ɗaki cike da mutane. Na ce mata ta gyara wa yaron wuya, zai ƙage.