Kyanwoyi Tara a Gidanmu na Likoro

An kai ni Likoro amarya ba da daɗewa ba bayan Turawa sun miƙa mulki. Ni 'yar Paki ce, kuma kafin ranar ban taɓa yin nisa da gida haka ba. Gidan da aka kai ni babu jama'a da yawa, daga maigidana sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, sai ni. Shi manomi ne. Da damina yana gonar dawa da masara, da rani yana fadama wajen rake. Idan ya fita da sassafe, Inna kuma ta ɗauki ƙwaryar daddawarta ta shiga maƙwabta, sai gidan ya yi tsit. Na saba da gidanmu mai cike da ƙanne da hayaniya, don haka kewa ta dame ni ƙwarai a watannin farko.

Wata Bafullatana da ke kawo mana nono ce ta fara lura da ni. Takan sauke ƙwarya ta zauna mu ɗan taɓa hira, kuma sau biyu tana samuna da jajayen idanu. Wata rana bayan ta auna mini nono, sai ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar kyanwa fara mai baƙin tabo a goshi.

"Amarya, ga abokiyar hira," in ji ta. "Ki riƙa ɗan zuba mata nono a kasko, ba ta da rigima."

Inna ta yi murna da ita, domin ɓeraye sun addabi rumbunmu. Ni kuwa tawa murnar ta fi ta Inna. Ina daka tana zaune gefen turmi, ina tankaɗe tana wasa da bakin zanena. Har labarin ƙannena nakan ba ta.

Da ta girma ta haifi 'ya'ya huɗu a bayan randa. Na kasa rabuwa da ko ɗaya. Daga nan labari ya bi gari cewa amaryar gidan nan tana son kyanwa. Wata maƙwabciya ta kawo mini wani muzuru mai ido ɗaya da yara suka jefa. Wata tsohuwa ta aiko da biyu da uwarsu ta mutu ta bari. Ɗaya kuma da kanta ta tsallako katanga, ta ga kasko, ta zauna. Kafin in cika shekara biyu a gidan ina da kyanwoyi tara.

A lokacin alfahari nake yi. Gani nake tausayi ne ya yi mini yawa, kuma lada nake tarawa. Amma kaskon nono ɗaya ba ya isar baki tara. Na koma gutsurar tuwona ina cuɗa musu da miya, wani lokacin in kwana da sauran yunwa. Manyan su ture ƙananan su cinye. Tsakar gida ta fara wari duk sharar da nake yi. Sau biyu aka ɗauke kifin miya daga cikin kwando. Sannan matar gidan da ke bayanmu ta shigo da sallama, muka gaisa har ƙasa, ta tambayi Inna da gajiya da aiki, daga ƙarshe ta ce cikin sanyin murya 'yan tsakinta uku sun ɓata, kuma ta ga gashinsu a gindin katangarmu. Na ba ta haƙuri, kunya kamar in nutse.

Maigida mutum ne mai kawaici. Abin da ya ce kawai shi ne, "Anya abin nan bai yi yawa ba?" Na ce masa duk zan iya.

Da rani ya shigo aka fara yin mazarƙwaila. A fadama ake matse raken, doki na zagaya injin, ana dafa ruwan har ya yi kauri a zuba shi a ƙananan kwanoni ya daskare. Maigida ya ɗauki mutane masu taya shi, ni ce kuma mai dafa musu abinci. Tun asuba nake kan murhu, daga koko sai tuwo, daga tuwo sai wanke-wanke. Kyanwoyin kuwa sai in zuba abin da ya samu a kasko in wuce, ban ko tsaya ganin wa ya ci ba.

Wata safiya ina kwashe tuwo Inna ta tsaya a kaina.

"'Yar nan, ina 'yar tokar nan, ƙaramar cikin kyanwoyin?"

"Tana nan, Inna."

"Yaushe rabonki da ganinta?"

Jiya? Shekaranjiya? Wallahi ban sani ba. Na ajiye mara muka shiga nema. A ƙarƙashin rumbu muka same ta, can ciki inda hannu ba ya kaiwa sai da Inna ta kwanta rubda ciki ta jawo ta. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ƙafarta ta gaba ta kumbura tana fitar da ruwa, da alama ƙaya ce ta shige ta ta ruɓe. Ko kuka ba ta iya yi, sai dai ta buɗe baki babu sauti.

Inna ta sa na ɗumama ruwa da gishiri. Na riƙe kyanwar a cinyata, ita kuma ta matse ciwon ta zaro ƙayar, ta wanke, ta shafa man kaɗanya ta ɗaure da tsumma. Ina riƙe da ita hawaye na zuba a bayanta. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Sai da muka ɗura mata nono da ɗan ludayi, ta lasa, sannan ta ce:

"Na san kina son su. Amma duk dabbar da kika ajiye a gidanki, cinta da shanta da ciwonta suna wuyanki, kuma Allah zai tambaye ki. Wannan ta kwana uku a nan tana jiran ki. Ki faɗa mini gaskiya, nawa za ki iya dubawa kowace safiya ki san lafiyarsu, ko da ranar aiki ce irin ta yau?"

Na yi ta lissafi a zuci, ina son in ce biyar. Daga ƙarshe na ce, "Biyu, Inna."

"To, biyu. Sauran mu nema musu gidaje, ba zubar da su za mu yi ba."

Na zaɓi farar da aka fara ba ni, da 'yar tokar, domin na san ba wanda zai karɓi gurguwa. Sauran bakwai ɗin suka ɗauke mu kusan wata biyu. Inna ce mai yawon, tun da ta san kowane gida ta dalilin daddawa. Ba ta bayarwa sai ta tambaya: akwai wata kyanwar a gidan? Yaran gidan suna jifar dabba? Wa zai riƙa zuba mata abinci? Akwai gidan da suka nemi biyu ta ba su ɗaya. Bafullatanar ta ɗauki guda ta kai ruga. Wata 'yar'uwar Inna da ta zo suna daga Dandamisa ta tafi da ɗaya a cikin kwando an rufe da faifai. Duk ranar da aka fita da ɗaya sai in shige ɗaki, don kada in ji kukanta a zaure.

Muzurun nan mai ido ɗaya shi ya ba mu wahala. An kai shi wani gida a ƙarshen gari, kwana biyu sai ga shi a kan katanga. Aka mayar, ya dawo. A karo na uku maigida ya dawo daga fadama ya same shi kwance a kan buzunsa. Ya tsaya yana kallonsa, sai ya yi dariya.

"Wannan ya riga ya zaɓi gidansa. Ku bar shi, ni zan riƙa ba shi daga kwanona."

Ya kuwa cika alkawari. Kullum kafin ya sa hannu a tuwo sai ya gutsura masa. Muka zama da uku, biyu nawa, ɗaya nasa.

'Yar tokar ta warke, ko da yake ta ci gaba da ɗingishi har tsufanta. Gashinta ya dawo yana sheƙi. Tsakar gida ta daina wari, matar bayanmu ta sake tara kaji, har ta aiko mini da ƙwai. Na kuma koyi wani abu: da na ga cikin farar ya fara nauyi, sai in fara cigiyar masu so tun kafin ta haihu, ana yaye su kowa ya zo ya ɗauki tasa.

Da damina ta kama, wata mata ta shigo da ƙwarya a rufe. Ta buɗe, sai ga 'yan kyanwoyi uku, idanunsu sun buɗe ke nan, suna rawar sanyi. Ta ce an ce mata nan ake kawowa. Hannuna har ya miƙa. Na ɗauki ɗaya, na ji ɗuminta a tafina, sannan na mayar da ita.

"Yaya, ki yi haƙuri, gidan nan ya cika," na ce. "Amma ki bar su kwana biyu su yi ƙwari, za mu nema musu wuri."

Ranar kasuwar Kudan Inna ta ɗora ƙwaryar a kan ta daddawa ta tafi da su. Da la'asar ta dawo tana ba ni labari tun daga zaure. Wani mai sayar da hatsi da ɓeraye suka huda wa buhuna ya karɓi biyu, ta ukun kuma wata mai tuyar ƙosai ta saka ta a zane ta goya kamar jaririya. Na kawo wa Inna ruwa ta sha, ta miƙe ƙafafu, ta ce in duba ƙasan ƙwaryar, mai ƙosan ta aiko mini da tukuici.