Likitan Batura

Ƙanena bai taɓa hawa eriyar waya ba, ko tsani tsoronsa yake yi. Amma daga kujerar ofis yake kiwon baturan eriyoyin gari, waɗanda ke riƙe sabis idan an ɗauke wuta. Yini yake gaban kwamfuta yana kallon ƙarfinsu na hawa da sauka kamar numfashin mai barci. Shi ya sa muke kiransa Likita.

Ranar da matarsa ta tafi asibiti haihuwa, ta ce, "Je ka aikinka, zan sa a kira ka."

Da hantsi aka ɗauke wuta. Sai ya ga baturin eriyar unguwar asibitin yana zubar da ƙarfi kamar tulu mai huji. In ya mutu, ta ina albishir zai biyo? Ya figi wayar ofis ya taso mai gyara: "Don girman Allah bar shayin nan, ka ruga!" Bai ƙifta ido ba har baturin ya farfaɗo. Ya gyara zama yana jira, amma shiru.

Can sai ga yayar matar a bakin ƙofa, tana haki.

"Likita, an samu mace! Tun ɗazu muke kiranka."

Ya zaro wayarsa daga aljihu. Baƙi ƙirin, ko ɗigon caji babu.

Ta ce, "Ka ga likita, ya warkar da gari, mara lafiya na kwance a aljihunsa. Taso mu tafi."