Ranar Da Na Kai Gungume Gaban Alƙali

Zamanin Turawa ni ɗan jakai ne, ina ɗaukar gero daga Kamarawa zuwa kasuwar Isa. Ban yi boko ba, ban iya doguwar magana ba. Ƙarfi gare ni, sai taurin kai irin namu na Gobirawa.

A kan hanyar kasuwa akwai kwazazzabon da ruwan damina ya haƙa. En'e, hukumar sarakuna ta lokacin, ta sa aka gitta gumagumai a kai, aka zuba ƙasa. Giginya ya kamata a sa, aka sa gawo, abincin gara. Kowa ya san gungumen tsakiya ya ruɓe. Mukan tsallake shi mu ce Allah ya kiyaye, ba mai faɗa wa kowa. Wata ranar kasuwa jakina ya tsallake, ni na taka. Jakin ya fi ni hankali. Ƙwaurina ya karye. Maɗori ya ɗora, na kwanta har aka yi girbi, na tashi da ɗingishi.

Mutane suka ce ƙaddara ce, na yarda. Sai ga dogari, wai ina cikin masu aikin hanya, za mu yi dakon marmara don gyara inda motar Di'o, Baturen mulki, za ta bi. Na nuna masa ƙafa, ya ce ai da kai ake ɗauka. Maɗori kuwa ya riga ya gaya mini in na ɗora mata nauyi kafin shekara za ta sake ɓallewa, kuma ɗori na biyu ba ya kamawa. Na ce za ni wurin alƙali. Matata ta ce in gaishe mata da gidan yari.

Alƙali ya tambaye ni wa nake ƙara. Tsoro ya hana ni in ce En'e, na ce hanya. Aka bushe da dariya. Ya ce ba a shari'a sai da wanda ake ƙara, in je in zo da shi. Wasa yake yi, ni ban gane ba. Washegari na ɗaura wa ruɓaɓɓen gungumen igiya, jaki ya ja shi har ƙofar alƙali, rabin kasuwa na bin mu. Shugaban leburorin hanya yana nan, Bayarabe ne, abokin wasanmu. Ya ce yau ga bawansa ya kamo ɓarawo. Na ce masa bawa ba ya magana in ubangidansa ya zo shari'a, ya matsa ya ba ni inuwa.

Wannan karo alƙali bai yi dariya ba. Ya danna yatsa, itace ya marmashe. Ya tambaya na wane ne. Mai unguwa ya ce na En'e ne. Bayarabe ya rantse giginya ya nema, gawo aka kawo masa. Wakilin hakimi ya ce shi bai taɓa ganin itacen ba. Alƙali ya ce wanda hanya ta karya ya riga ya biya hanya haƙƙinta, kada a sake kirana aikinta. Gungume kuma, tunda ba shi da mai shi, nawa ne. Matata ta yi tuwo da shi, ko wutar kirki bai yi ba. Kafin damina aka sa giginya a wurin.

Ƙafa ta zauna, amma ɗingishi na nan, da shi za ni kabari. Abin da ke damuna, bakin da na buɗe bayan karaya, da na buɗe shi tun farko da ban rasa komai ba. In kun ga rami a hanyarku, kada ku tsallake ku yi shiru. Ku faɗa tun ƙafa na lafiya. In an ce ku kawo wanda kuke ƙara, ku nemi igiya.