Roƙon Addu'ar da Aka Yi a Argungu

Ni mace ce mai saurin fushi, amma ba na saurin buɗe cikina. Shi ya sa har ɗiyata ta zama budurwa, ba wanda ya san tana da farfaɗiya a unguwarmu ta Badariya sai mu na gida da mace ɗaya, abokiyar addu'ata a zumuntar mata ta cocinmu.

Duk Laraba takan zo gidana da azumi a bakinta. Mu shimfiɗa tabarma a bayan ɗakina, mu durƙusa, mu roƙi Ubangiji ya warkar da yarinyar nan. In na gaji na ce ni kam Allah ya toshe kunnensa, sai ta ja ni da zane ta ce, "Tashi, mai naci shi ka samu." Shekaru muka yi a haka. Ciwon bai tafi ba, amma ya yi sauƙi da magani, ni kuma na koyi tsayawa a gaban Allah ba tare da na ga komai a hannu ba. Wannan a wurinta na koya, ba zan hana ta ba.

Sai wani yaro ɗan Argungu ya fito neman auren ɗiyata. Ta faɗa masa gaskiya tun farko, ya ce ya ji ya gani. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya gaya wa uwarsa da bakinsa in ya ga lokaci, don tsohuwar na cikin masu cewa ciwon iska ne, kuma yana bin jini.

Ana cikin haka aka yi taron zumuntar mata a Argungu. Muka cika mota da zannuwanmu iri ɗaya, muna waƙa har muka isa. Bayan wa'azi aka ce mai roƙon addu'a ta miƙe. Abokiyata ta miƙe, ta karɓi lasifika, ta kira sunana, ta kira sunan ɗiyata, ta kira sunan ciwon. Ta ce a taya mu naci, ga aure ya matso. Mata suka amsa da amin har rufin kwano ya ɗauka.

Uwar yaron tana layin gabana. Ba ta waiwayo ba. Na ga dai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ɗauki jakarta ta ɗora a cinya.

A mota na kasa haƙuri, na tambayi abokiyata don me ta yi haka. Ta buɗe ido ta ce, "Mi niy yi? Addu'a nir roƙa muku. Ko ba ki son baki ya yi yawa gaban Allah?" Har yau ban san ko da gaske ba ta gane ba. Na san dai na ji an ci amanata, kuma da sunan Yesu aka ci ta.

Kafin girbin shinkafa dangin yaron suka aiko cewa a dakata tukuna. Kowa ya san ma'anar tukuna.

Ban daina addu'a ba, wa nake da shi in ba Allah ba? Wata Laraba na durƙusa ni kaɗai a bayan ɗakina, na ɗaga murya ina kiran sunan yarinyar. Sai ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama," ta ce, "don Allah in za ki yi min addu'a, ki riƙa yi cikin zuciyarki."