Gatarin Kurege a Kwandon Godiya

Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba aka ba maigidana gida a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan. A bayan ɗakin girki akwai ɗan fili, kuma karo na farko ke nan da na sami ƙasar da ba wanda ya ce mini ga abin da zan shuka. Na sa kuɓewa da yakuwa kamar maƙwabtana, amma jikin katanga na bar wa furannin daji. Duk zuwan da muka yi gaishe da iyayena a gindin dutsen Kagoro, sai na dawo da wani abu ƙulle a bakin zani: albasar kwaɗi mai farin fure, yaryaɗi, da wanda na fi ƙauna, gatarin kurege.

Shi gatarin kurege da bakin ganyensa yake hawa, yana naɗe kara kamar yatsan jariri. Furensa ja da rawaya ne, a lanƙwashe baya, sai ka ce harshen wuta da iska ta kaɗa. Saiwarsa doguwa ce mai gwiwa kamar ƙaramin gatari, kuma dafi ce. A ƙauyenmu kowane yaro ya san haka. Ranar da uwata ta ga ina tonowa, cewa ta yi, "Abin da akuya ke kauce wa, shi za ki kai ƙofar girki?" Na ce ai Ubangiji ne ya yi masa ado.

A sakandare wata Baturiya ta koya mana cewa idan ganyen fure ya bushe, a tone saiwar a adana har ruwa ya dawo. Furannin ƙasarsu take nufi. Ban taɓa tambayar kaina wa ke tone wa na kan dutse ba. Da kaka ta yi, na tone nawa, na wanke su tas, na zuba a ƙaramin kwando, na ajiye a sito kusa da rizgar da uwata ta aiko. Ko goma sha ɗaya ne ko sha biyu, ban ƙirga da kyau ba.

Lahadin godiya ta kaka, kowace mace takan kai amfanin gona majami'a. Mu ba mu da gona, rizgar nan na zuba a babban kwando, ba ta kai baki ba. Ina ɗaki ina shafa wa yara mai na ji maigida yana cewa daga waje, "Kwandon Ubangiji ba ya zuwa da rami a ka. So kike matan zumuntar majami'a su ce albashin reluwe ya ƙare a takalmi?" Na yi dariya na ce ya nemo abin ƙarawa. Da na fito, kwando ya yi tozo. Shi a makarantar kwana ya girma, hannunsa ya fi sanin biro da fartanya.

Ni na ɗauki kwandon a kaina. Na shiga layin mata muna waƙa muna rangaji har gaban bagade, na sauke shi da hannu biyu.

Sai bayan mun ci abincin rana na shiga sito neman gishiri, na ga ƙaramin kwandon a kife.

"Baban yara, abin da ke cikin nan fa?"

"Ragowar rizga? Na juye a na godiya."

Na san rizga ko ɗanya ana ci, a kankare da farce a tauna. Na fita ba ɗankwali, na tsallake layin dogo ban duba hagu ko dama ba. Addu'ar da na iya a hanya kalma biyu ce, "Yesu, tsare."

A gidan pasto na tarar da matarsa, Mama Pasto, tana wanke kwanuka. Ta saurare ni har na gama, ta share hannu a zani. Ta ce rizgar kowa aka haɗa a tabarma ɗaya aka raba biyu, rabi gidansu, rabi aka kai wa wata tsohuwar gwauruwa da ke bayan kasuwa da jikoki uku. Muka zazzage nasu a ƙasa. Na yi ta tsinta har na fitar da bakwai.

"Saura nawa?"

"Huɗu, Mama. Ko biyar."

"Ko biyar," ta maimaita. Sannan ta ce, "Lokacin rabo yara sun yi ta wawura daga tabarma suna gudu. Kin san su."

Na dafa bango. Ta ce ba lokacin faɗuwa ba ne. Ita za ta tara mata su bi gidajen da ke da yara, ni in ruga bayan kasuwa.

Tun daga nesa idona ke neman hayaƙi a saman gidan tsohuwar. Babu. Na same ta zaune a kan turmi, murhu a mace, jikokin a tsugune can gefe suna kallon tukunyar da ba a ɗora ba. Idanunta sun yi fari da yana, da ƙyar take gani. A cinyarta akwai saiwa huɗu a jere.

"Kaka, kun ci?"

"Ba wanda ya ci. Ido ya tafi, hannu bai tafi ba." Ta shafa gwiwar ɗaya daga ciki da babban yatsa. "Ke ce aka aiko ki duba ko na mutu?"

Sai a lokacin na tuna abin da ake raɗawa a kanta tun da ɗanta da matarsa suka rasu a shekara ɗaya, wai ita ta cinye su. Tun da rana take zaune tana lissafin wane ne a cikin masu ce mata "Salama" a majami'a ya wanke dafi ya sa mata a kayan godiyar Allah.

Na durƙusa na kama ƙafarta. Na ce nawa ne, ni na shuka, ni na tone, kuskure ne.

"Kin shuka. Maganin me?"

"Ba magani ba ne, Kaka. Furen nake so."

"Ana miya da shi?"

"Kallo kawai."

"Bokon nan," ta ce. "Ɗiyata, ni na ji. Amma masu kawo kayan sun ga ban taɓa abincin ba, gobe za a ce na raina ikilisiya. In kuma wani yaro ya kwanta, kin san sunan da za a kira. Ranar Lahadi ki tashi a gaban mutane ki faɗa da bakinki."

Na ce zan faɗa.

Matan sun bi gida gida har rana ta faɗi. Yara da yawa sun ce sun ci rizga, ba wanda ya tuna wata mai ɗaci ko mai gwiwa. Wata yarinya ta yi amai, uwar ta ce gyaɗa ce ta yi mata yawa, amma na zauna a ƙofarsu har ta nemi ruwa ta tashi wasa.

Makon nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Majami'armu tana da wani guntun ƙarfen dogo da ake bugawa, da sauri in sujada ce, ɗaya ɗaya in an yi rasuwa. Mu kuwa muna zaune a bakin tasha, inda ƙarfe ke bugun ƙarfe tun safe. Duk sanda aka haɗa taragu sai in saki abin da ke hannuna in tsaya ina jiran bugu na biyu. Na koma jikin katanga na ƙirga ramukan da na tone, amma kaji sun riga sun baje su. Maigida ya daina wasa. Da ya taso aiki sai ya zagaya ta unguwannin 'yan ikilisiya kafin ya shigo, ya ce mini, "Lafiya lau," ya zauna.

Ranar Lahadi, bayan sanarwa, na miƙe. Na faɗi komai, har da sunan wanda ya wanke saiwar, wato ni. Wani dattijo ya tambaya ko an sami duka. Na ce ban sani ba. Yara suna zaune a ƙasa a gaba, kamar kullum, suna tsunkulin juna. Na bi su da ido layi layi, ina haɗa kowace fuska da ta uwarta, ban zauna ba sai da na kai ƙarshe. Ba wanda babu.