Alwala a Gindin Kaɗanya

Na yi fawa a Guéma, na yi koren shanu, na yi jinya wata bakwai. Da na tashi ba ƙarfi, sai aka ba ni gadin wata gona a bayan Parakou. Ba abin sata a cikinta. 'Yan ƙananan kaɗanya ne guda ɗari biyu, kowace da lamba a wuya.

Mai gonar ɗan boko ne daga kudu, Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci. Ya ce kaɗanya sai ta shekara goma sha biyar ake sanin halinta, shi kuwa so yake tun tana ƙarama ya gane wadda za ta jure fari. Doka ɗaya ya kafa mini: "Baba, ko ɗigo kar a ba su. Ran da ka ba su ruwa, aikinka ya ƙare."

Ban ba su ba. Alwala dai nake yi a gindin wadda ke bakin bukkata, sau biyar a rana. Alwala ba ban ruwa ba ce.

Da shekara huɗu ta fi 'yan'uwanta da kamu uku. Mushe ya auna ta, ya sake aunawa, ya rungume ta. Ya ce magana ta ƙare, shekara huɗu ta isa a gane mai juriya. A ranar na fahimci ruwan alwalata ne. Na ɓoye masa. Mutum takwas ke ci a hannuna.

Ya yanki rassanta ya yi aurensu da wasu kaɗanya ashirin a Djougou, ya tura ni gadinsu. Rani ya shigo, suka fara yaushi. In sun mutu zai yi tambaya. Na gwada kewaya su da buta, liman ya ce alwala ashirin ga salla ɗaya waswasi ne.

Sai na shiga kasuwar shanu. Na ce wa mahauta da dillalai akwai ruwa da tabarma kyauta a gonar ga mai salla. Kowa na ba shi bishiyarsa. Akwai wani mai kurkure baki sau bakwai, tasa ta fi ta kowa.

Mushe ya zo ran kasuwa da azahar, ba sanarwa. Ya tarar da ƙarti ashirin a tsugune, kowa da butarsa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ibada."

"Har ta Parakou?"

"Tun tana kamu ɗaya."

Ya zauna a ƙasa daɓas. Wani mahauci ya ce, "Mushe, matsa, za ka danne mini tawa."

Can ya tambaye ni buta nawa a rana. Na ce biyar, da azumi shida. Ya rubuta. Ya ce sai an sake daga farko, kuma wannan karon mai gadin da ba ya salla zai nema.

Ya sallame ni da kuɗin mota. Na ji labarin mahautan ba su daina zuwa ba. Sun riga sun saba.